Ra'ayinmu: In Waya Ta Yi Ƙara, Wa Zai Amsa?

Duk wanda ya zaga ɗakunan kwanan ɗalibai a wannan zangon karatu, ko ya zauna inda 'yan ajin ƙarshe na sashen ilmin kwamfuta suke taruwa bayan sallar isha'i, ya san akwai wata sabuwar sha'awa da ta kama 'yan'uwanmu. Da yawa daga cikinsu sun ɗauri aniyar rubuta manhaja, watau jerin umarnin da ake tsara wa kwamfuta ko waya, wadda za ta riƙa lura da lafiyar mutum yana gidansa, ta kai wa likita labari yana asibiti. Wasu sun tsuke bakin aljihu sun sayi agogon nan na zamani mai ƙirga bugun zuciya, wasu sun haɗa kai da ɗaliban likitanci, kuma duk wanda ka tambaya sai ya ce maka domin mutanen karkara yake yi. Wannan mujalla tana yaba wannan himma, gama ta fi zaman kashe wando da musun ƙwallon Turai nesa ba kusa ba. Amma yabo ba zai hana mu yin tambayar da muka ga ba a cika yi ba. In manhajar ta gano cewa wata mace tana cikin haɗari a wani gida can bayan Makoɗa da ƙarfe biyun dare, waya ta yi ƙara, wa zai amsa?

Bari mu fara da bayanin abin, saboda waɗanda ba fanninsu ba ne. Tsarin lura da lafiya daga nesa yana da gaɓoɓi uku. Ta farko ita ce na'urar da ke jikin mutum: agogon da ke haska fata da ɗan koren haske, ya lura da kai-komon jini a ƙarƙashinta ya lissafa bugun zuciya, ko ɗan abin da ake maƙala wa yatsa ya kimanta iskar oksijin da ke cikin jini, ko kuwa ma'aunin hawan jini da ake ɗaurawa a damtse. Ta biyu ita ce waya, wadda ke karɓar alƙaluman ta Bluetooth, ta adana su, ta gwada su da ƙa'idar da aka rubuta mata, ta aika da gargaɗi in sun wuce iyaka. Ta uku ita ce ɗan'adam da ke ɗaya ɓangaren, wanda zai ga gargaɗin ya tashi ya yi wani abu. Kamfanin Apple ya fitar da agogonsa a 2015, a 2018 kuma ya ƙara masa ikon ɗaukar zanen bugun zuciya. Amma a ƙasashen da aka ƙera waɗannan abubuwa, gaɓa ta uku ta riga su zuwa: akwai lambar da ake bugawa, akwai motar ɗaukar marasa lafiya, akwai gadon da ke jira. Mu abin da muke kwaikwayo shi ne gaɓoɓi biyu na farko, ta uku kuwa ba a shigo da ita a kwali.

To, ina ne wannan karkara da muke ambata? Yawancinmu ba sai an yi mana kwatance ba. Wanda ya bi hanyar Katsina ya ratsa Dawakin Tofa da Bici har Tsanyawa, ko ya bi hanyar Daura ya nufi Dambatta, ko ya karkata wajen Ungogo da Minjibir, zai ga ƙasa wadda babu ko taki ɗaya da aka bari banza. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, gawo da ɗorawa da kuka sun yi wa filin rumfa, gidaje kuwa a warwatse suke cikin gonakin, kowane da rumbunsa da turken dabbobinsa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manomanmu ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da takin da jakai ke ɗaukowa daga birni. Ke nan ba daji ba ne inda mutum zai yi tafiyar yini bai ga kowa ba. Jama'a a cike take, birni kuma ba nisa. Wannan cinkoso alheri ne ga mai tsara aikin lafiya, domin ma'aikaciya guda tana iya zaga gidaje masu yawa da ƙafa kafin azahar. Amma kusancin yana da yaudara. Gidan da bai fi 'yan kilomitoci daga kwalta ba, cikin watan Agusta, da dare, burtali ya cika da ruwa, ya yi wa mai naƙuda nisan Makka.

Mun zaɓi mu yi magana kan mai juna biyu da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta sun ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya baki ɗaya. Cikin manyan dalilai akwai zubar jini bayan haihuwa, akwai kuma hawan jinin masu ciki wanda kan kai ga jijjiga, abin da a gidaje da yawa har yanzu ake dangantawa da iska. Hawan jinin nan yakan bayyana bayan mako 20 na ciki, kuma sau da yawa shiru yake shigowa. Mace tana daka, tana surfe, tana ɗebo ruwa, alhali awonta ya kai 140 bisa 90. In ya kai 160 bisa 110, ko aka ga furotin a fitsari tare da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, to, rai biyu suna bakin rami. Abin lura shi ne wannan ciwo ne da awo ke tona asirinsa tun bai yi ɓarna ba, maganinsa kuma sananne ne, ba shi da tsada. In akwai wurin da manhajar lura da lafiya za ta biya kuɗin sabulu a ƙasar Kano, to, nan ne, ba wajen ƙirga wa ɗan boko yawan takun da ya yi daga ofis zuwa mota ba.

Yanzu sai mu duba abin da tarihi na kusa ya koya mana, gama wannan jiha ba baƙuwa ba ce ga haɗa waya da aikin lafiya. A ranar 20 ga Yuli 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Ma'aikatan da aka sa bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar sun riƙe wayoyi masu ɗauke da manhajar da ƙungiyar eHealth Africa ta tsara, ƙungiyar da aka kafa a 2009 wadda hedkwatarta ke nan Kano. Kullum ma'aikaci zai je gidan mutum, ya auna zafin jikinsa, ya shigar a waya, har kwana 21. Da zarar zazzaɓi ya bayyana, labari ya isa cibiya nan take, a turo mota a ɗauke shi zuwa inda aka keɓe. Mutane kusan 900 aka bi, aka yi ziyarar ido da ido kimanin 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a ranar 20 ga Oktoba 2014 aka bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. Jama'a su lura da wannan adadi na ziyara. Wayar ta gaggauta labari, amma ƙafafu ne suka je gida-gida, mota ce ta zo, ɗaki ne ya karɓa.

Haka nan a yaƙi da shan inna. Tun daga wajen 2012 aka fara ba ayarin masu ɗigon rigakafi wayoyi masu nuna wa tauraron ɗan'adam inda suka taka, aka kuma sake zana taswirar mazaɓu daga hotunan sama. Sai ga unguwanni da rugage waɗanda ba sa cikin taswirar hannu da aka daɗe ana aiki da ita. Amfanin wannan shi ne, da yamma shugabannin aiki sukan zauna su duba inda aka tsallake, gari na wayewa a mayar da ayari. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila cikin Yuli 2014, a ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar wa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i na cutar. A nan ma sirrin ɗaya ne: kowane labari da waya ta kawo, akwai wanda aka ɗora wa alhakin aikata wani abu a kansa kafin rana ta sake faɗuwa.

Ga kuma ɗaya fuskar, wadda ya kamata kowane mai rubuta manhaja ya karanta ya yi shiru. A ƙasashen Mozambik da Pakistan da Indiya an yi wani babban gwaji mai suna CLIP, aka ba ma'aikatan lafiya na ƙauye ma'aunin hawan jini da waya mai manhajar da ke gaya musu wace mai ciki ce ke cikin haɗari da abin da za a yi mata. Kusan mata 70,000 gwajin ya shafa. Manyan masana ne suka tsara shi, da kuɗi da kayan aiki irin waɗanda ɗalibi ba ya ko mafarkinsu. Da sakamako ya fito a 2020, sai aka ga gaba ɗaya mutuwa da mummunar jinya ta uwa da jariri ba su ragu ba. Manhajar ta yi aikinta, ta gano masu hawan jini. Amma masu binciken da kansu suka nuna cewa aikin cikin ƙauye ba zai wadatar ba sai an ƙara yawan ma'aikata an kuma gyara asibitocin da ake tura matan. Watau ƙararrawa ta yi ƙara, sai dai ƙofar da ta buga ba ta buɗe yadda ake bukata ba.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a gida. Wani gwaji da aka buga a 2002, wanda ya haɗa mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar da cewa allurar maganiziyam salfet tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da wannan allura manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake ba da ita. Yawan matan da ke rasuwa cikin waɗanda ciwon ya tsananta musu ya faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Bugu da ƙari, a 2023 aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An yi shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Na'urar awon da aka yi amfani da ita leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, ta tara jinin da ya zuba a ga yawansa da ido. Da ya kai alamar da aka shata, sai a haɗa dukan matakan magani a lokaci guda ba tare da jira ba. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce, ba ta da batir, ba ta bukatar intanet, amma an ɗaure awonta da aiki. Wannan ɗaurin shi ne abin da muke nema ga kowace manhaja.

Saboda haka ga shawarwarinmu ga 'yan'uwa masu wannan aiki. Na farko, a san wayar wa ake magana. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 ta ratsa kowane lungu, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san cewa a gidaje da yawa waya ɗaya ce, ƙarama mai madannai, kuma a aljihun maigida take. Ran Lahadi ta tafi kasuwar Dambatta, ran da aka kai amfanin gona ta kwana a Dawanau, da rani ya yi kuwa ta bi shi cin rani kudu. In tana gida ma, rabin yini tana shagon mai caji. Manhajar da aka gina bisa zaton kowace mai ciki tana da babbar waya da data da agogo a hannu, an gina ta ne domin matan unguwannin masu hali na birni, ko da kuwa an rubuta sunan karkara a bangon rahoto. Abin da ya dace da ƙasa mai cinkoson gidaje irin tamu shi ne jaka ɗaya mai kyau a hannun ma'aikaciyar lafiya ko ungozomar da aka horar: waya, ma'aunin hawan jini, tsinken gwajin fitsari, da ɗan faifan sola na caji. Ita mata suka sani, ita ke shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya shiga.

Na biyu, a rubuta manhajar da ke aiki ko babu sabis. Ta yi lissafinta a cikin wayar, ta nuna hukunci nan take da launi, kore ko rawaya ko ja, ta ajiye sauran bayani sai an samu hanya ta aika. Gargaɗin gaggawa kuwa ya tafi ta gajeren saƙo, wanda ke ratsawa inda intanet ta gaza. A nan akwai wani ɗan haki da ke tsone ido: gajeren saƙo yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa masa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70. Wanda bai gwada da Hausa ba, ba zai taɓa sanin haka ba sai ranar da saƙonsa ya rabu biyu. Har ila yau a tuna cewa da yawa daga iyayenmu mata ajami suka sani, wasu kuma kunne ne karatunsu. Manhajar ta yi magana da murya, da Hausar da ake ji a tsakar gida. Wadda za ta ce wa mace tana da "matsin lamba a jijiyoyi" ta ɓata batir a banza. A ce mata jininta ya hau, yau za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Na uku, kada a yarda da na'ura don ta zo da rubutun Turanci. A watan Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa abin nan da ake maƙala wa yatsa yana ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda yake yi ga farar fata, domin da haske yake awo, launin fata kuma yana taɓa haske. Jan farce mai duhu da baƙin lalle ma suna iya rikita shi, matanmu kuwa ba sa rabo da ƙunshi. Agogon da ake tallarsa da cewa yana auna hawan jini ba tare da matse damtse ba, ƙungiyoyin likitocin hawan jini ba su amince a yanke hukunci da shi ba. Ko ma'aunin damtse ma sai wanda aka tabbatar da ingancinsa ga masu ciki, gama wasu sukan nuna ƙasa da gaskiya daidai lokacin da ciwon ya tsananta. Na'urar da ta ce lafiya lau alhali ba lafiya, ta fi rashin na'ura illa. Wadda kuma ke ihu kan abin da bai taka kara ya karya ba, kwana kaɗan za a daina kula ta, ranar da kura ta zo da gaske kowa na barci. Zanen aro ba ya rufe katara: a gwada kowane abu a jikinmu, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu.

Na huɗu, wanda ya fi duka, a rubuta gaɓa ta uku cikin manhajar kanta. In launi ya nuna ja, saƙo ya tafi ga mutum mai suna, ba ga ofis ba. In bai amsa cikin 'yan mintoci ba, ya wuce ga na sama da shi. A lokaci guda ya tafi ga direban da ke kan layi a wannan dare. Wannan ba sabon abu ba ne, gama a jihohin arewa da dama an horar da direbobin tasha 'yan ƙungiya su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Manhajar ta san wane asibiti ne ke da allurar a yau, domin kada a kai mace inda za a ce a wuce gaba. Ta kuma taimaka wajen shawo kan wanda izini ke hannunsa, maigida ko uwar miji, ko da ta hanyar kiran da zai ji muryar ma'aikacin asibiti da kunnensa. Masana tun 1994 sun kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Manhajar da ba ta rage ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, abin da ta ƙara wa gidan kawai shi ne sanin abin da zai kashe 'yarsu. Ma'aunin nasara a wurinmu guda ne: minti nawa aka yi tsakanin jan launi da shigar allura.

Akwai kuma maganar amana, wadda Bakano ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kanta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa Yuli 2004, abin da ya jawo wa yara da yawa nakasa a nan da ƙasashen maƙwabta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yanzu ga mu muna so mu ɗaura wa mace na'ura, mu ɗebi labarin cikinta, wanda a al'adarmu ko uwarta ba a gaya wa da wuri, mu aika da shi wata ma'ajiya da ba ta san a wace ƙasa take ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta lissafa labarin lafiyar mutum cikin bayanai masu bukatar tsaro na musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta riƙe sirrin majinyaci. Amma tun kafin doka akwai mutunci. A yi wa mace bayani da harshenta, a gaya mata wa zai gani da wanda ba zai gani ba, a bar ta ta ce a'a ba tare da an hana ta awo ba. A bi ta hannun maiunguwa da dagaci da liman, amma kada a ɗauki yardarsu a madadin tata.

Ga yayyenmu matasan ma'aikatan gwamnati, waɗanda wannan mujalla ke isa teburinsu a ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, muna da magana ta musamman. Ku ne takardun kwangila ke bi ta hannunku. Mun saba ganin bikin ƙaddamarwa, a kafa rumfa, a raba wayoyi a gaban 'yan jarida, bayan shekara guda kuɗin masu tallafi ya ƙare, wayoyin suna aljihun tebur, ma'aikaciya ta koma rajistar takarda. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Yuganda ta gaji da irin wannan, ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen manhajojin lafiya har sai an daidaita su da tsarin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin jagorar da ta fitar a 2019, ta yi kashedin cewa waɗannan dabaru ba sa maye gurbin tsarin lafiya mai aiki. Saboda haka kafin ku sa hannu ku tambaya: wa zai sayi data a shekara ta uku? Wa zai gyara in ta lalace, yana Kano ne ko yana ƙetare? Tana magana da DHIS2, rumbun da Nijeriya ke tara alƙaluman asibitoci, ko kuwa ƙarin aiki ce ga ma'aikaciyar da ta riga ta gaji? Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Kuɗin da zai sa fitila da ungozoma da allura a ɗakin haihuwa na mazaɓa, kada a kashe shi kan allo mai ƙyalli a ofishin birni.

Mun san wasu za su ce mun sanyaya wa matasa gwiwa, ko kuma mu masu ƙin ci gaba ne. Ko kusa. Da muna ƙin abin, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. Mun yi imani cewa waya tana iya taƙaita daren nan mai tsawo da ke tsakanin gidan gona da gadon asibiti, mun kuma yi imani cewa babu wanda ya fi cancanta ya rubuta wannan manhaja kamar ɗan da aka haifa a wannan gida, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke tsoro shi ne ilmin da talaka ya biya da gumin gero da gyaɗa ya koma abin ado, a samu maki, a ɗauki hoto, a manta. Gero da gyaɗan nan daga gonakin Kunci da Bagwai da Minjibir suka fito, kuma ko ba a rubuta bashin a takarda ba, yana wuyanmu.

Don haka hutu na nan tafe. Muna kira ga duk mai wannan aniya, kafin ya rubuta layi ɗaya na umarni, ya rufe kwamfuta ya tafi gida. Ya nemi izini ya zauna a ƙaramin asibitin mazaɓarsu ranar awo, ya ga yadda layi yake da abin da ma'aikaciya ke rubutawa da hannu. Ya tambayi ungozoma wace mace ce ta ƙarshe da jijjiga ta kama, da me aka ɗauke ta, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa. Ya bi hanyar da kansa, a kan babur, yana duba inda sabis ke ɗaukewa. Ya haɗa kai da ɗaliban likitanci da na aikin jinya da na sashen Hausa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ya dawo da amsar tambayar da muka buɗe wannan shafi da ita, da sunan wanda zai amsa da lambar wanda zai tuƙa, to, ya zauna ya rubuta, wannan mujalla kuma za ta kasance ta farko wajen buga labarinsa. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya sa ilminmu ya amfani waɗanda suka ɗauki nauyinsa, amin.

Editoci